Sabon Gida ko Gidan da Bashi Ya Danne? Yadda Ta Kaya a Hamadar Arizona

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2000, garin Maricopa da ke jihar Arizona a Amurka bai wuce mutum dubu da 'yan kai ba. Layin dogo ne, da gonakin auduga, da garken shanun yanka, a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 55 kudu da birnin Phoenix. Da aka dawo ƙidaya a 2010 sai aka tarar da mutum fiye da 43,000. A tsakanin ƙidayar biyu kamfanonin gine-gine sun saye gonakin, sun yanka su fuloti-fuloti, sun shimfiɗa kwalta, sun jera dubban gidaje masu rufin tayil, duk kamarsu ɗaya. A 2005, a wasu sababbin unguwannin yankin Phoenix, sai an jefa ƙuri'a kafin mutum ya samu damar sayen gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba.

Shekara huɗu bayan haka, wanda ya shigo garin da niyyar sayen gida kasuwa iri biyu zai tarar a titi guda. Ga ofishin kamfanin gini da tutocinsa, da gidan nuni da aka ƙawata da kujeru da labule, ana cewa ka sa hannu yau ka karɓi makulli nan da wata kaza. Ga kuma gida irin wancan sak, shekara uku ko huɗu da ginawa, mai shi yana neman rabuwa da shi a kan kuɗin da bai kai bashin da banki ke binsa ba, in har bankin ya amince. Na biyun ya fi araha, wani lokaci nesa ba kusa ba. Tsakanin 2009 da 2012 tambayar da dubban iyalai suka yi ta yi wa dillalai a Phoenix, da Las Vegas, da cikin Kalifoniya da Fulorida ke nan: wanne za mu saya?

Abin da ba kasafai dillalan ke faɗa ba shi ne, gidajen biyu asalinsu ɗaya. Wanda bashi ya danne a 2010, shi ne sabon gidan da aka yi wa ƙuri'a a 2005. Lokaci ne kawai ya raba su, da kuma wanda ke riƙe da wuƙa da nama ranar ciniki.

Yadda bashi ya fi ƙarfin gida

Ba'amurke ba ya sayen fuloti ya yi ta gini a hankali, bana katanga, baɗi rufi. Gida gamamme yake saye da lamunin banki, galibi na shekara 30, gidan kansa shi ne jingina. A al'ada mai saye yakan biya wani kaso daga aljihunsa, banki ya cika. A shekarun 2003 zuwa 2006 wannan al'ada ta sukurkuce. Masu ba da lamuni sun daina riƙe bashin da suka bayar. Sai su dunƙule dubbai wuri guda su sayar wa masu zuba jari a duniya. Tunda ba su ne za su bi bashin ba, sai suka daina damuwa da wa suke ba wa. An ba mutane lamuni ba tare da duba takardar albashinsu ba. An ƙirƙiro lamunin da kuɗin ruwansa ke da sauƙi shekara biyu, daga nan ya yi tsalle. An kuma yayata wata dabara da daga baya ta zama ƙashin kifi a wuyan kowa: lamuni biyu a kan gida guda, na farko kashi 80 cikin 100 na farashi, na biyu sauran kashi 20, mai saye bai fitar da ko sisi ba.

Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 1 a tsakiyar 2004 zuwa kashi 5.25 a tsakiyar 2006. A wannan shekarar farashin gidaje ya kai ƙololuwa, ya fara gangarowa. A watan Satumba na 2008 gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin nan biyu da ke tsaya wa lamunin gidaje, bayan mako guda kuma bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Kafin a kai ƙasa, farashin gidaje a faɗin ƙasar ya zube da fiye da kwata. A Phoenix da Las Vegas ya zube da fiye da rabi. Gidaje kusan miliyan 11, wato kusan ɗaya cikin huɗu na duk gidajen da ke da lamuni a kansu, bashinsu ya fi darajarsu. A jihar Nevada sun haura rabi.

A ɗauka, don misali, magidanci ya sayi sabon gida a 2006 a kan dala 250,000, duka bashi. A 2010 aikinsa ya tafi, ko an mayar da shi wata jiha, gidan kuma ba wanda zai taya shi fiye da 120,000. In ya sayar, ina zai samo cikon 130,000? In ya daina biya, banki zai ƙwace gidan ya yi gwanjonsa, a Arizona kuwa ba sai an je kotu ba, kwana 90 bayan sanarwa ana iya kaɗa ƙararrawa. Hanya ta uku ita ce ya nemo mai saye, ya kai wa banki tayin, ya roƙe shi ya karɓi abin da ya samu ya saki takardar gidan. Bankin yakan yarda ne ba don tausayi ba. Ƙwace gida na cin kuɗin lauya, da gadi, da gyara, da haraji, gidan da aka ƙwace kuma yakan fi faɗuwa a kasuwa. Shi ma mai gidan yana da abin da yake tsira da shi: a ƙa'idar Fannie Mae ta yanzu, wanda ya sayar ta wannan hanya zai jira shekara huɗu kafin ya sake samun lamuni, wanda aka ƙwace wa kuwa shekara bakwai.

Ciniki da wanda ba ya wurin

Daga nan wahalar mai saye ke farawa. Farashin da ya gani a talla ba farashin banki ba ne. Dillalin mai gida ne ya rubuta shi, sau da yawa ƙasa da abin da ya san za a karɓa, don ya jawo masu tayi. Mai gida zai sa hannu da sauri, don ba shi da riba a ciki. Ko an sayar a 100,000 ko a 130,000, ba abin da zai shiga aljihunsa. Amma sa hannunsa ba sallamawa ba ce. Kamar ka yi cinikin sa ne da makiyayi, kun daidaita, kun tafa, sannan ya ce maka mai shanun yana wani gari, kuma ba mutum ɗaya ba ne.

Kamfanin da mai gida ke aika wa kuɗi duk wata, ko da sunan babban banki ne, yawanci wakili ne kawai mai karɓa. Ainihin mai bashin yana iya zama Fannie Mae, ko Freddie Mac, ko wani asusun masu zuba jari da aka rubuta dokokinsa tun kafin rikicin, ba a yi tanadin irin wannan rana ba. In akwai kamfanin inshorar da ya tsaya wa lamunin, shi ma sai ya amince. Sai kuma mai bashi na biyu, wanda ya ba da kashi 20 ɗin nan. In an yi gwanjo ba zai samu komai ba, don mai bashi na farko ma bai cika ba. Amma ba a iya sauya sunan mai gida sai ya janye haƙƙinsa, shi ya sa yakan kafe sai an ba shi wani abu. Ciniki da yawa a nan suka mutu, a kan 'yan dubban daloli, bayan wata biyar ana kai-komo.

Mai gida zai tara takardu: wasiƙar bayanin halin da ya shiga, takardun albashi, na haraji, na asusun banki. Wakilin bashin zai tura wani dillali na dabam ya ƙiyasta darajar gidan, aikin da ake biya kuɗi kaɗan, wani lokaci daga cikin mota ake yinsa, a ɗauki hoto a wuce. In ƙiyasin ya zo sama da tayi, banki ya ce a ƙara. In an daɗe, takardun sun tsufa, a ce a sake aikowa. Ma'aikacin da ke riƙe da fayil ya bar aiki, sabo ya fara daga farko. Bank of America, wanda ya gaji tulin lamunin kamfanin Countrywide bayan ya saye shi a 2008, sai da ya koma amfani da wata manhajar intanet mai suna Equator don rage ɓatan takardu. Wata uku zuwa shida ba abin mamaki ba ne a lokacin, akwai kuma waɗanda suka haura haka. Mafi ciwo, sashen da ke duba tayin da sashen da ke shirya gwanjo ba sa jiran juna. Mai saye na iya wayar gari ya ji an kaɗa wa gidan ƙararrawa jiya.

Jiran nan ba kyauta ba ne. Alƙawarin kuɗin ruwa da bankin mai saye ya ba shi yana da wa'adi, galibi kwana 30 zuwa 60. Hayar gidan da yake zaune tana ƙarewa. Yara suna jiran a san makarantar da za a sa su. A 2010 ma har da kuɗin gwamnati a ciki: an ware wa masu sayen gidan farko rangwamen haraji na dala 8,000, da sharaɗin su ƙulla yarjejeniya kafin ƙarshen Afrilu, su kammala kafin ƙarshen Yuni. Mutane da yawa sun maƙale a hannun bankuna, har sai da majalisa ta ɗage wa'adin kammalawa zuwa ƙarshen Satumba.

Gwamnati ta yi ta facin tsarin. A ƙarshen 2007 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta cire haraji daga bashin gidan zama da aka yafe, har dala miliyan 2. Kafin nan hukumar haraji kallon kuɗin shiga take yi wa abin da banki ya yafe maka. A Afrilun 2010 gwamnatin Obama ta fara shirin HAFA, mai ba wa mai gida dala 3,000 na ƙaura, tare da sharaɗin kada a bi shi ragowar bashin farko. Kalifoniya ta yi doka a 2011 da ta hana masu bashi, na farko da na biyu, bin ciko bayan sun amince da cinikin. A Fabrairun 2012 manyan wakilan karɓar biyan lamuni biyar suka yi sulhu da gwamnatin tarayya da jihohi 49 a kan kimanin dala biliyan 25, bayan an kama su suna sa hannu a takardun ƙwace gidaje ba tare da karantawa ba, kuma kaso mai yawa na sassaucin da suka yi alƙawari ta wannan hanyar sayarwa suka biya shi. A shekarar ce aka sa wa masu aiki da Fannie Mae da Freddie Mac wa'adi: amsa cikin kwana 30, hukunci cikin 60, mai bashi na biyu kuma kada rabonsa ya wuce dala 6,000. Gyara ne mai kyau, sai dai ya zo bayan shekara huɗu, lokacin da kasuwar ta riga ta fara juyawa.

Gidan kuma a yadda yake za ka karɓe shi. Banki ba zai gyara ko famfo ba, mai gida ba shi da abin gyarawa. Wanda ya yi shekara yana sanin gidan zai fita daga hannunsa ba zai kira mai gyaran rufi ba. A Phoenix, inda zafin bazara ke wuce digiri 43, na'urar sanyaya gida ba ado ba ce, sauya ta kuma dubban daloli ne. Gidajen da aka bari babu kowa ɓarayi sun yi ta farke na'urorinsu suna cire jan ƙarfe. Tafkunan ninkaya da ke bayan gidajen sun koma kore, sun zama matattarar sauro, har hukumomin lafiya suka riƙa zuba musu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro don tsoron zazzaɓin West Nile. Ga bashin ƙungiyar masu gidajen unguwa da ya taru, ga na haraji, ga na ɗan kwangilar da ba a biya ba, duk suna manne da takardar gidan sai an warware su. A gaskiya dai gidan da mai shi ke ciki har ranar miƙa makulli yakan fi wanda banki ya ƙwace lafiya, don akwai mai kunna wuta da ban ruwa. Amma wanda zai saya da lamunin hukumar gidaje ta tarayya, FHA, mai neman kashi 3.5 kacal daga aljihu, yana da wata matsalar: hukumar ba ta yarda da gidan da ke da babbar naƙasa, ba kuma wanda zai gyara kafin a sayar.

Abin da ke bayan tutocin kamfani

A tsallaken titi komai a rubuce yake. Mutum ɗaya kake magana da shi, yana da ikon cewa an sallama. Akwai ranar kammalawa. Akwai garanti, wanda a mafi yawan kamfanoni shekara ɗaya ne a kan ƙananan ayyuka, biyu a kan wayoyin lantarki da bututun ruwa da na'urar sanyi, goma a kan harsashi da ƙashin gini. Sabon gida ya fi tsare sanyi, kuɗin lantarki ya fi sauƙi. Ga iyalin da ke da ɗan abin da ba shi da yawa, kuma dole su tare kafin a koma makaranta, wannan tabbaci abu ne mai daraja, kuma ba laifi a biya kuɗinsa.

Sai dai a san nawa ake biya. Gidan nunin da aka zagaya da kai ba shi ne farashin da ke allo ba. Duwatsun kicin, da daɓen katako, da ƙarin fitilu, kowanne da kuɗinsa, fulotin da ke kusurwa ko wanda ba shi da maƙwabci a baya shi ma da nasa. A Arizona filin da ke bayan gidan ƙasa zalla ake miƙa maka, sau da yawa ba labule, ba firji. Mai fara'ar da ke ofis ma'aikacin kamfani ne, ba dillalinka ba, kuma kamfanoni da yawa ba sa biyan la'adar dillalin mai saye sai in tare suka zo ranar farko. Yarjejeniyar lauyoyin kamfani ne suka rubuta ta, yawanci da sharaɗin in an samu saɓani ba za a je kotu ba, sai gaban mai sasantawa. Kafin alƙalamin da ka ajiye, in ka fasa, da wuya ya dawo.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani sai an tare. Tituna da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa na sabuwar unguwa sau da yawa da bashi aka yi su, masu gidaje ke biya a cikin haraji shekara da shekaru. A Kalifoniya dokar Mello-Roos ta 1982 ce ta ba da wannan dama, Fulorida da Teksas da Arizona kowacce tana da irin nata tsarin. A jihohi da dama harajin shekarar farko a kan fili kawai ake ƙiyasta shi. Da hukuma ta ƙiyasta ginin, abin da ake cirewa duk wata sai ya yi sama, mutane su ɗauka kuskure ne. Ga nisa. Filin araha a bakin gari yake. Mazauna Maricopa da ke aiki a Phoenix kusan duk hanya ɗaya suke bi, babbar hanya mai lamba 347 da ta ratsa ƙasar 'yan asalin yankin na Gila River, haɗari ɗaya ya isa ya tsayar da gari.

Sabo kuma ba ya nufin lafiyayye. A tsakiyar shekarun 2000, da gine-gine suka yi yawa, guguwa irin su Katrina suka ƙara buƙata, sai aka shigo da allunan bangon ciki daga ƙasar Sin. Wasunsu sun riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana cinye wayoyin jan ƙarfe da na'urorin sanyi, tana damun numfashi. Dubban gidaje a Fulorida da Louisiana da Virginia sai da aka fasa cikinsu. Garanti kuma ƙarfinsa daidai da ƙarfin wanda ya bayar. Levitt and Sons, kamfanin da ya gina Levittown a 1947, wanda da shi aka fara irin waɗannan unguwanni a Amurka, ya shigar da takardar karyewa a Nuwamban 2007, ya bar gidaje rabi da rabi da mutanen da suka riga suka ajiye kuɗi. TOUSA da Kimball Hill da WCI sun bi baya a 2008. Shi ya sa masu hankali ke ɗaukar nasu mai duba gini, ya shiga kafin a rufe bango, ya sake shiga kafin garantin shekarar farko ya ƙare.

Babban haɗarin sabon gida dai, a ganina, ba a bango yake ba. Maginin da ya sayar maka shi ne abokin gasarka gobe. Muddin yana da fuloti a unguwar, duk ranar da ka so sayarwa, mai saye zai kwatanta naka da sabo fil, mai garanti, mai rangwame. In kasuwa ta yi sanyi kamfani na iya rage farashi ya ci gaba da tafiya, don a kan ɗaruruwan gidaje yake lissafi. Kai gida ɗaya gare ka. Haka aka yi wa masu sayen 2006: ba su gama shirya kaya ba suka ga ana tallar irin gidansu ƙasa da abin da suka biya. Magina ma sun ɗanɗana tasu. Sababbin gidajen da aka sayar a ƙasar sun faɗo daga kusan miliyan 1.3 a 2005 zuwa 300,000 da 'yan kai a 2011, mafi ƙanƙanta tun da aka fara ƙirga a 1963. Masu ƙiyasta daraja kuma suna kwatanta sabon gida da na maƙwabcin da bashi ya danne, ƙiyasi ya zo ƙasa da farashi, bankin mai saye ya ƙi cikawa.

To wa ya ci riba? A Phoenix amsar ba ta da daɗi ga mai son tabbaci: wanda ya jure jiran banki a 2010 da 2011 ya sayi gida a farashin da wani lokaci bai kai kuɗin gina shi ba, kuma bayan shekara goma ya ninka. Amma su waye suka iya jurewa? Waɗanda ke da inda za su zauna ba wa'adi, da kuɗin gyara a ajiye, da zuciyar da za ta iya sa tayi a gida biyar ta rasa huɗu. Tun daga 2012 ma sai manyan 'yan jari suka shigo. Kamfanin Blackstone ya kafa Invitation Homes a shekarar, ya fara saye daga Phoenix, da kuɗi hannu, dubban gidaje, yana mayar da su na haya. Banki da ke da tayi biyu, ɗaya kuɗi a ƙasa, ɗaya na malamin makaranta mai jiran lamunin FHA, ba sai an tambaya wanne zai ɗauka ba. Arahar ta tabbata, amma ba ga kowa ba.

Inda rangwamen ya koma

Yau kasuwar ta kife. A farkon 2009 kusan rabin tsofaffin gidajen da aka sayar a Amurka na matsi ne, ko ƙwatattu ko waɗanda bashi ya danne. A 'yan shekarun nan ba su wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. Farashi ya hau sosai, mafi yawan masu gidaje darajar gidansu ta fi bashinsu. Kuɗin ruwan lamunin shekara 30 ya sauka har kashi 2.65 a Janairun 2021, sannan ya haura zuwa kusan kashi 7.8 a Oktoban 2023. Wanda ya riƙe lamunin kashi 3 ba ya son sayarwa ya ɗauki na kashi 7, don haka tsofaffin gidaje suka yi ƙaranci, sababbi suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen da ke kasuwa.

Manyan magina irin su D.R. Horton da Lennar da Pulte sun koyi darasin 2007: rage farashi a fili yana fusata waɗanda suka riga suka saya, yana kuma ja da ƙiyasin sauran gidajen ƙasa. Sai suka mayar da rangwamen cikin kuɗin ruwa. Kowannensu yana da nasa reshen ba da lamuni, yakan biya kuɗi tun farko don a rage wa mai saye ruwan. Lissafin a bayyane yake. Lamunin dala 300,000 na shekara 30 a kashi 7, biyan wata kusan 1,996 ne. A kashi 5 kuwa 1,610 ne. Kafin a kai ga wannan biyan ta hanyar rage farashi, sai an zaftare kusan dala 58,000, alhali sayen rangwamen ruwan bai kai wa kamfani haka ba. Mai saye ya ji sauƙi duk wata, kuma sauƙin na gaske ne. Amma a takarda ya sayi gidan da tsada, bashinsa cikakke ne, kuma in ba lamunin na cikin waɗanda doka ta yarda mai saye na gaba ya gada ba, rangwamen ba ya bin gidan. Wani rangwamen ma na shekara biyu ne kawai, a ta uku biya ya koma yadda yake, abin da ya kamata ya tuna wa mutane wani abu.

Ga Musulmin da ke zaune a can, Hausawa da sauransu, waɗanda ke guje wa riba suna bi ta kamfanoni irin su Guidance Residential ko University Islamic Financial da tsarin musharaka ko murabaha, wannan salo yana da wata illa. Kyautar magini a ɗaure take da lamuninsa mai ruwa. Wanda ya ƙi lamunin ya bar kyautar a kan tebur, sai in ya dage a juya masa ita zuwa ragin farashi ko biyan kuɗaɗen kammala ciniki. Wasu kamfanonin sukan yarda, musamman a kan gidan da aka gama ba mai saye, kuma musamman dab da ƙarshen zangon lissafinsu.

A Arizona akwai ƙarin tambaya, ta ruwa. Dokar jihar ta 1980 ta ce sabuwar unguwa a yankunan da ake sa wa ido sai ta nuna tabbacin ruwan shekara 100. A Yunin 2023 Gwamna Katie Hobbs ta sanar cewa ba za a ƙara ba da sabuwar shaidar ga unguwannin yankin Phoenix da suka dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, don bincike ya nuna ba zai isa ba. Mai sayen sabon gida a bakin hamada yanzu yana da dalilin tambayar daga ina famfonsa ke sha.

Gidan da bashi ya danne kuma bai ɓace ba. A Austin ta Teksas farashi ya sauko sosai daga ƙololuwar 2022. A Cape Coral ta Fulorida, bayan guguwar Ian a Satumban 2022 da tsadar inshora, gidaje sun taru a kasuwa, farashi ya ja baya. Wanda ya sayi sabon gida a irin waɗannan wurare da kashi 3.5 daga aljihu, ragin kashi 10 ya ishe shi nutsewa, balle a haɗa da la'adar dillalai. Mai neman araha a wurinsa zai tarar da yawancin kayan aikin da aka ƙera a zamanin rikicin an naɗe su. Shirin HAFA ya rufe a ƙarshen 2016. Sassaucin harajin 2007 an yi ta sabunta shi guntu-guntu, a 2020 aka rage iyakarsa zuwa dala 750,000 aka sa masa wa'adin ƙarshen 2025. Mai gidan da ya gano a makare cewa bashin da za a yafe masa zai jawo masa haraji yana iya janyewa ana dab da sa hannu, don haka ƙwararren dillali tun ranar farko yake tambaya: bashi nawa ne a kan gidan, wa ke riƙe da na biyun, an sa ranar gwanjo, kuma mai gidan ya zauna da masanin haraji ko bai zauna ba.